Ɗan Jarida Mai Littafin Rubutu Biyu: Me Za Mu Ɗauka, Me Za Mu Bar Masa?

 

Waɗanda suka kasance tare da mu makon jiya sun ga muhawarar da ta ɓarke a ƙarƙashin wani labari da aka saka mana a nan, wanda aka rubuta "labarin gaskiya ne" a samansa. Labarin wata baiwar Allah ce da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu. Mun karanta, wasu har da hawaye, aka yi ta tura shi zaurukan WhatsApp. Da aka matsa da tambaya sai mai labarin ya amsa cewa matar tana nan da gaske, amma mutuwar jaririnta a hanya shi ya ƙara, don labarin ya fi ratsa zuciya. Nan muka rabu biyu. Wasu suka ce ai adabi ke nan, wasu suka ce an ci amanarsu.

Ba za mu kama suna ba, domin kusan dukkanmu mun taɓa jin wannan ƙaiƙayin a hannu. Abin da za mu yi shi ne mu kawo labarin wani babban ɗan jarida da wannan tambaya ta bi har kabari, don mu ga yadda ta kaya da wanda ya fi mu iya alƙalami nesa ba kusa ba.

Sunansa Ryszard Kapuscinski, ana furta shi kamar Rishad Kafushcinski. Mutumin Poland ne, an haife shi a 1932 a garin Pinsk, wanda yau yake cikin ƙasar Belarus. Ya tashi cikin yaƙin duniya na biyu, cikin yunwa da gudun hijira. Sunansa ya fara fitowa a 1955, yana ɗan shekara 23, da ya rubuta rahoto a kan Nowa Huta, garin masana'antar ƙarfe da gwamnatin gurguzu take alfahari da shi. Ya bayyana ƙuncin da ma'aikata suke ciki. Da farko hukuma ta fusata, daga baya aka bincika aka tarar abin da ya faɗa haka yake, sai aka ba shi lambar yabo. Mu riƙe wannan a zuciya: rahoton da ya ɗaga shi rahoto ne da ya jure bincike.

A 1956 jaridarsu ta tura shi Indiya, tafiyarsa ta farko zuwa wajen Turai, alhali ko Turanci bai iya ba. Editarsa ta ba shi guzurin littafin Herodotus, Bagirken nan da ya yi yawon duniya yana tattara labarai sama da shekara 2,400 da suka wuce. Turancin kuwa da ƙamus da littafin Hemingway ya koye shi a hanya. Daga 1962 ya zama wakilin kamfanin dillancin labarai na Poland a Afirka, shi kaɗai ga nahiya guda, da ɗan kuɗin da bai kai abin da wakilan Amurka da Ingila suke kashewa a otal ba. Ya zauna Dar es Salaam, zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashe shi a Kampala, ya kamu da tarin fuka, ya shiga Zanzibar lokacin juyin juya halin 1964. Daga baya ya koma yankin Latin Amurka, inda ya ga yaƙin kwana huɗu da aka gwabza tsakanin Honduras da El Salvador a 1969.

Mu ma ya zo ƙasarmu. Yana Legas ranar 15 ga Janairun 1966, ranar da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, da Firimiya Akintola a Ibadan, aka kuma ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa aka kashe shi. Akwai babi guda a kan wannan juyin mulki a littafinsa The Shadow of the Sun, wanda ya fito da harshen Poland a 1998. A wani littafin, The Soccer War, ya ba da labarin shingayen wuta da 'yan bangar siyasa suka kafa a hanyoyin Jihar Yamma bayan zaɓen 1965, da yadda suka yi masa duka suka watsa masa fetur. Sauran littattafansa da suka yi fice su ne Another Day of Life na 1976 a kan Angola, The Emperor na 1978 a kan faɗuwar Sarki Haile Selassie na Habasha, Shah of Shahs na 1982 a kan juyin juya halin Iran, Imperium na 1993 a kan rushewar Tarayyar Sobiyet, sai Travels with Herodotus na 2004. A 2003 ya karɓi lambar Yariman Asturias ta ƙasar Sifen. Ya rasu a Warsaw ranar 23 ga Janairun 2007, kuma yau akwai gasar littattafan rahoto da ake yi da sunansa a wannan birni.

To, mene ne sirrinsa? Shi da kansa ya sha faɗa cewa littafin rubutu biyu yake yawo da su. Na farko na aikin ofis ne: wa ya yi juyin mulki, ƙarfe nawa, mutum nawa aka kama. Wannan shi yake aikawa ta na'urar teles, inda kowace kalma kuɗi ce, don haka dole a taƙaita. Na biyu kuwa nasa ne, a ciki yake zuba abin da ofis ba ya buƙata: warin kasuwa, zafin rana, yadda soja yake riƙe bindiga, abin da mai gadi ya ce da tsakar dare. Daga littafi na biyun nan littattafansa suka fito.

Ga misali ɗaya da ya kamata kowane mai koyon rubutu ya yi nazari. A 1975 Turawan Fotugal suna barin Angola gabanin samun 'yanci ranar 11 ga Nuwamba. Rahoton ofis zai ce dubban Turawa sun fice daga Luanda, shi ke nan. Shi kuwa sai ya tsaya kallon akwatunan katako da suke ƙerawa a ƙofar gidajensu don kwashe kaya. Na mai kuɗi ƙato ne da katako mai kyau, na talaka ƙarami ne da guntayen langalanga. Dare da rana ƙarar guduma ake ji, har akwatunan suka zama kamar wani gari a cikin gari, sannan aka loda su a jiragen ruwa garin ya tafi. Da akwati kaɗai ya nuna mana ƙarshen mulkin mallaka da bambancin mai shi da marar shi, ba tare da ya yi mana lacca ba.

Wannan idon muke so mu koya. Mu yawanci idan za mu rubuta tashin hankali sai mu ce "jama'a sun shiga mawuyacin hali", mu wuce. Wane hali? Me matar ta ɗauka da za ta gudu, tukunya ko tabarma? Akuyar da aka bari a ɗaure wa ya kwance ta? Gani ya kori ji, kuma mai karatu ba zai gani ba sai mun fara gani.

Abu na biyu da ya cancanci yabo shi ne inda yake kwana. A Legas ya ƙi zama unguwar Turawa, ya kama haya a wani lungu cikin talakawa, inda ɓarayi suka yi ta fasa masa ɗaki. Ya ba da labarin wani mutumin Arewa mai suna Sulaiman da ya kai shi kasuwar Jankara suka sayo gashin farin zakara aka rataya a ƙofa, satar ta tsaya. Wanda ya tsaya a otal ba zai taɓa haɗuwa da Sulaiman ba.

Yanzu mu juya ɗaya gefen kwabon.

The Emperor shi ne littafin da ya kai sunansa duniya. Ya ce bayan sojoji sun tuɓe Haile Selassie a 1974, ya riƙa bin tsofaffin fadawa cikin dare a Addis Ababa suna ba shi labari, ya ɓoye sunayensu ya bar haruffa. Akwai wanda aikinsa tura matashi ƙarƙashin ƙafar sarki, saboda sarkin gajere ne karaga kuma doguwa. Akwai wanda aikinsa goge fitsarin ɗan karen sarki daga takalman manyan baƙi. Duk wanda ya san zaman fada zai yi dariya ya kuma yi tsaki. Sai dai masana tarihin Habasha, irin su Harold Marcus, sun ce littafin cike yake da abin da ba haka ba. A 2001 wani masanin Afirka mai suna John Ryle ya yi dogon sharhi a mujallar Times Literary Supplement, ya nuna cewa kirarin da fadawan suke yi wa sarki a littafin ba shi da makamanci a harshen Amharik, kuma maganar cewa sarkin ba ya karanta littafi ba ta da tushe, domin an san shi da karatu. Ya kuma tuhumi The Shadow of the Sun da yi wa Afirka kuɗin goro: Bafirke kaza yake, Bafirke ba ya kaza, kamar mutanen nahiya guda uwa ɗaya ta haife su. Marubucin Kenya Binyavanga Wainaina shi ma ya soke shi a kan haka.

Babbar guguwar ta taso a 2010, da Artur Domoslawski, ɗan jaridar da ya ɗauki Kapuscinski a matsayin malaminsa, ya fitar da tarihin rayuwarsa. Matar marigayin ta je kotu don a hana fitowar littafin, ba ta yi nasara ba. Domoslawski ya bi sawun malaminsa ƙasa-ƙasa, ya tarar akwai wuraren da aka ƙara gishiri, akwai inda aka ƙirƙira. An daɗe ana rubutawa a bangon littattafansa cewa ya yi abota da Che Guevara da Patrice Lumumba. Bai taɓa haɗuwa da Guevara ba, fassara littafin ajiyar bayanansa kawai ya yi, Kwango kuwa ya isa ne bayan an kashe Lumumba a 1961. Ya ga ana rubuta haka, ya yi shiru.

Masu kare shi suna da hujja, kuma bai kamata mu yi watsi da ita ba. Sun ce a ƙarƙashin gwamnatin gurguzu ba ka isa ka soki shugabanni kai tsaye ba, akwai masu tace rubutu. Mutanen Poland da suka karanta The Emperor sun gane fadar Habasha habaici ce, da shugabanninsu na Warsaw ake. Sun ce ko da an ƙirƙiri mai matashin, gaskiyar da ya nuna game da fadanci da tsoro da ruɓewar mulki ta fi gaskiyar alƙaluma zurfi. Wannan ita ce hujjar da 'yan'uwanmu suka kawo makon jiya: jarirai suna mutuwa a hanyar gudun hijira, to mene ne laifi idan an sa ɗaya a labari?

Mun auna wannan hujja, ga inda muka tsaya. Gaskiya ne habaici ya yi wa mutanen Poland amfani. Amma wa ya biya kuɗin? Habashawa ne. An ari fuskarsu da sarkinsu da tarihinsu an yi wa wasu wasan kwaikwayo, aka sayar wa duniya a matsayin rahoton wanda ya je ya gani. Ɗalibi a Landan ko Legas da ya karanta littafin bai san da wani habaici ba, abin da ya ɗauka shi ne haka Habasha take. Fadawan kuwa ba su da suna balle su fito su ce ba mu faɗa ba. Mu da muke jin zafi idan baƙo ya kwana biyu a Kano ya koma ya rubuta cewa Bahaushe kaza yake, bai dace mu yafe wannan don jimlolin sun yi daɗi ba.

Sannan akwai asarar da marubucin ya jawo wa kansa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Tun da aka kama shi a kan fadawa, shakka ta hau kan komai. Akwatunan Luanda fa? Sulaiman da gashin zakara fa? Fetur ɗin da aka watsa masa fa? Mutumin ya sha wahala ta gaske, ya yi cuta ta gaske, ya shiga wuraren da takwarorinsa suka guda, amma yau mai karatu yana karanta shi da gira a ɗage. Haka ita ma matar makon jiya. An kore ta da gaske, ta rasa gida da gaske, amma jaririn da aka ƙara mata ya sa wasu suna cewa ƙila duka ƙarya ne. An so a taimake ta, aka rage mata daraja. Gobe idan wata ta rasa jariri da gaske, labarinta zai tarar da mutanen da aka riga aka yaudara sau ɗaya.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, magabatanmu sun warware wannan matsala tuntuni. Mai tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", har ta ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar. Yaro ma ya san an shiga wata duniya an kuma fito. Bello Kagara a Ganɗoki ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, ya zarce da jaruminsa ƙasar aljanu, kuma babu wanda ya ce an yaudare shi, domin littafin bai ce shi rahoto ba ne. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya saki linzamin ƙirƙira yadda ya so. Amma da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a matsayin abin da ya gani. Mutum ɗaya ne, kwarya biyu, kowace da abin da aka zuba mata. Jaridar da ya yi wa edita tun 1939 ma sunanta ya isa wa'azi: Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Saboda haka ba ƙirƙira muke yaƙa ba. Yawancinmu a nan ƙagaggun labarai muke rubutawa, kuma sana'a ce mai daraja. Da ɗan'uwanmu ya rubuta "ƙagaggen labari ne da aka gina a kan abin da yake faruwa", da babu mai cewa uffan, ko jarirai goma ya kashe a ciki. Kalmar "gaskiya" da ya ɗora a sama ita ce alkawarin da ya karya. Mai sayar da nono yana iya sayar da tsala, yana iya sayar da kindirmo, laifin yana farawa ne daga lokacin da ya kira wannan da sunan wancan.

Wani zai ce, to idan faɗin sunan mutum zai jefa shi cikin haɗari fa? Wannan tambaya ce ta gaske, musamman ga mai rubutu a kan 'yan bindiga ko masu ba su bayanai. Amsar ita ce a sauya suna, a ɓoye ƙauye, amma a gaya wa mai karatu an yi haka, kuma marubuci ya adana ainihin bayanin a wurinsa. Ɓoye suna kariya ce ga mai magana. Sa masa maganar da bai yi ba kuwa amfani da shi ne. Idan ba mu tuna ainihin kalmomin mutum ba, mu ce "ya gaya mana cewa", kada mu sa alamar zance. Idan ba mu ga abu da idonmu ba, mu faɗi wanda ya gani. Idan mutum biyu sun saɓa, mu kawo duka biyun. Wayar da ke hannunmu tana naɗar murya, abin da Kapuscinski bai cika amfani da shi ba, don haka uzurinmu ya fi nasa ƙaranci.

Dalilin da ya sa muka dage a kan wannan shi ne, akwai fili babba da yake jiranmu, kuma kusan babu kowa a cikinsa. Littattafan soyayya da na zamantakewa muna da su jibgi, a takarda da kuma intanet. Littafin rahoto mai tsawo da Hausa, wanda marubuci ya je ya zauna ya gani, nawa za mu iya lissafawa? Ga Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Rikicin 2022 a jihar Shuɗin Nilu ya taɓa su, ga kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Ga Agadas, inda dokar 2015 ta haramta safarar baƙin haure ta durƙusar da direbobi da masu masauki, aka kuma soke ta a 2023. Ga zangon Kumasi da Nima a Ankara, ga unguwar Briketeri a Yawunde. Baƙin 'yan jarida suna zuwa waɗannan wurare da tafinta. Mu ba ma buƙatar tafinta, za a ba mu tabarma a kira mu ɗan'uwa, a gaya mana abin da ba za a gaya wa baƙo ba. Wannan amanar ita ce jarinmu, kuma ƙarin gishiri ɗaya ya isa ya cinye ta.

Kada kuma wani ya ce ai mu difloma ce kawai a hannunmu, ba mu da kamfanin da zai biya mana jirgi. Mutumin da muke magana a kansa ya fara yawonsa ba Turanci, ba kuɗin kirki, daga ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na mallaka a Afirka. Ba sai an fara da Khartum ba. Tashar motar garinmu akwai direban da yake zuwa Maraɗi duk mako, akwai wadda ta dawo daga aikatau a Saudiyya, akwai yaron da aka maido daga Libiya. Labarin ƙasashen waje yana zaune a bakin ƙofarmu yana shan shayi.

Shawararmu ga mai son karanta Kapuscinski ita ce ya fara da Another Day of Life, gajere ne. Sannan ya karanta babin juyin mulkin 1966 a The Shadow of the Sun, ya gwada shi da abin da ya ji daga bakin dattawan gidansu da abin da littattafan tarihinmu suka ce. A karanta shi da fensir a hannu: a ja layi inda ya gani da idonsa, a sa alamar tambaya inda ya ce duk mutanen Afirka kaza suke.

Aikin wannan mako kuwa ga shi. Kowa ya nemi mutum ɗaya da ya taɓa ƙetare iyaka, ya nemi izininsa, ya zauna da shi ko da awa guda. A rubuto mana kalmomi 500, ba a ƙara ko ƙwayar gero a kan abin da ya faɗa da abin da aka gani. A sauya sunansa idan ya buƙata, a kuma faɗa mana an sauya. Kafin a saka a nan, a karanta masa ya ji. Idan ya ce "haka aka yi", an ci jarrabawa. Za mu karɓa har zuwa daren Alhamis, mu tattauna guda uku ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Waɗanda suke ganin mun tsananta wa marigayin, ko mun tsananta wa ɗan'uwanmu, fili a buɗe yake a ƙasa. A yi muhawara cikin mutunci kamar yadda muka saba. Mu kwana lafiya.